Mutanen Ƙarfe Biyar: Waliyyi Yohanna Bosko da 'Yan Koyon Sana'a



A sura ta 20 ta Bisharar Matiyu, Ubangijinmu Yesu ya ba da misalin wani maigida mai garkar inabi, wanda ya yi sammako ya tafi kasuwa neman 'yan ƙodago. Ya ɗebi na farko da sassafe, suka yi jinga a kan dinari guda, wato ladan yini. Ya koma da hantsi, ya koma da tsakar rana, ya sake komawa da azahar, kullum yana samun mutane. Wajen ƙarfe biyar na yamma, saura sa'a guda a tashi daga aiki, ya je ya tarar har yanzu da waɗansu a tsaye. Mu masu wa'azi mun saba mu garzaya zuwa ƙarshen misalin, inda aka biya kowa daidai har na safe suka yi gunaguni. Yau muna so mu ɗan dakata a cikin kasuwar tukuna. Da maigidan ya tambayi mutanen nan dalilin tsayuwarsu tun safe, suka amsa masa cewa ba wanda ya ɗauke su. Bai ƙaryata su ba, bai kuma kira su malalata ba. Ya aike su garkarsa.

Duk wanda ya taɓa bi da safe ta inda leburori ke taruwa, kowa da shebur ko diga a kafaɗa, ya san yadda ake zaɓe. Majiya ƙarfi ake fara ɗiba, sai wanda aka san ubansa, sai wanda yake da wata 'yar sana'a a hannu. Wanda rana ke faɗuwa a kansa shi ne baƙo, da maraya, da mai naƙasa, da yaron da ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa kome. Ran 31 ga Janairu Ikilisiya takan yi idin wani firist wanda ya ƙare ransa a kan irin waɗannan, wato Waliyyi Yohanna Bosko, wanda duniya ta fi sani da Don Bosko.

An haife shi a 1815 a wani ƙauye a arewacin Italiya. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan kusan shekara biyu, mahaifiyarsa Margarita ta rene shi cikin talauci. Kafin ya kai ga makarantar firistoci ya yi barance a gonar wani, ya koyi ɗinki, ya taɓa ƙira, ya yi aiki a gidan shan gahawa domin ya sami abin biyan karatu. A lokacin yana ganin wahala ce kawai. Daga baya duk suka yi masa rana. An naɗa shi firist a 1841 a birnin Torino, a zamanin da samari suke ta kwararowa daga ƙauyuka da duwatsu suna neman aikin gini, suna kwana inda dare ya yi musu. Malaminsa, Waliyyi Yusufu Kafaso, ya riƙa tafiya da shi gidajen yari. A can ya ga yara 'yan shekara goma sha biyu zuwa sha takwas, lafiyayyu masu basira, suna zaune kwarkwata na cinsu. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne, da yawa ana sakinsu da kyakkyawar niyya, ba da daɗewa ba sai a komo da su, domin a waje ba su da kowa, ba su da abin yi.

Kamar yadda shi kansa ya ba da labari, ran 8 ga Disamba 1841 yana shirin Masa, sai ya ji mai kula da ɗakin sujada yana bin wani saurayi da duka, don ya shigo alhali bai iya hidimar bagade ba. Don Bosko ya sa aka kirawo shi. Sunansa Bartolomeo Garelli, maraya ɗan shekara goma sha shida, leburan magina, bai iya karatu ko rubutu ba. Da shi aka fara. Bari mu lura, 'yan'uwa, a cikin gidan Allah aka buge shi, hannun ma'aikacin Ikilisiya ne kuma ya buge shi.

Taron yaran ya yi ta ƙaruwa, maƙwabta suna korarsu daga wuri zuwa wuri saboda hayaniya, sai a 1846 ya sami hayar wata rumfa a unguwar Valdocco, suka zauna. A wannan shekara mahaifiyarsa ta baro ƙauye ta zo ta zama uwar gidan, tana dafa abinci tana yi wa yara facin riguna har rasuwarta a 1856. Kada mu zaci aikin ya zo da sauƙi. Waɗansu samari da ya fara ba su wurin kwana, kafin gari ya waye sun yi gaba da barguna. Bai rufe ƙofa ba.

Abin da muke so mu daɗe a kansa shi ne wata takarda. Da fari Don Bosko ba shi da wurin koyar da sana'a. Yakan bi gari ne yana roƙon masu sana'a su ɗauki yaransa, cikin mako kuma ya zaga ya duba su a bakin aiki. Da ya ga yadda ake yi da su, sai ya ce maganar baka ba ta isa ba, a rubuta. Akwai yarjejeniyar da aka yi a watan Fabrairu 1852 tsakanin wani kafinta da yaron da zai koya a wurinsa, tana nan ajiye har yau, da sa hannun kafintan, da yaron, da mahaifinsa, da na Don Bosko. A ciki maigida ya ɗauki alkawari zai koya wa yaron sana'ar, ba zai sa shi aikin da bai shafe ta ba, ba kuma wanda ya fi ƙarfinsa. In yaron ya yi laifi, da baki za a yi masa horo, ban da duka. Zai huta ran Lahadi da ranakun idi. Za a biya shi lada, ladan kuma zai riƙa ƙaruwa yayin da hannunsa ke faɗawa. Yaron shi ma ya ɗauki nasa alkawari na biyayya da himma, mahaifinsa kuma ya ɗauki alkawarin biyan ɓarnar da yaron ya yi da gangan. Sai a 1891, shekara uku bayan rasuwar Don Bosko, Paparoma Liyo na 13 ya fitar da wasiƙarsa Rerum Novarum a kan hakkin ma'aikata. Wannan firist ya riga ya rubuta tasa a kan teburin kafinta shekara kusan arba'in kafin nan.

Me ya sa takarda? Domin maraya ba shi da mai tsaya masa. Ɗan mai hali, in maigida ya zalunce shi, ubansa zai zo. Sa hannun firist a ƙasan takardar nan yana gaya wa kafinta cewa wannan yaro yana da mai zuwa.

Duk da haka ya ga dole ya buɗe nasa wuraren aiki. A 1853 aka fara ɗinkin takalma da na tufafi, shi da kansa ya zauna a benci yana nuna wa yara yadda ake riƙe basilla. A 1854 aka ƙara ɗinkin littattafai, a 1856 kafinta, zuwa 1862 kuma akwai maɗaba'a da maƙera. A nan ya gamu da matsalar da duk mai irin wannan aiki zai gamu da ita, wato malamai. Da ya ɗauki gwanaye yana biyansu albashi, sai suka kula da kayan da za su gama, ba su kula ko yara sun koya ba. Da ya sakar musu wurin su tafiyar da shi kamar nasu, sai suka mai da yaran barori. Kayan aiki suna ɓata, ana nuna wa juna yatsa. Ya sha gwaji kafin ya gane cewa sai an sami mutanen da suka iya sana'ar ƙwarai, waɗanda kuma yaron ya fi musu ribar shago muhimmanci. Da ya kafa ƙungiyar Salesiyawa a 1859, ya buɗe ta ga 'yan'uwa waɗanda ba firistoci ba ne, maɗinka da kafintoci da maƙera, masu wa'adi ɗaya da na firistocin. A ɓangaren 'yan mata, Waliyyiya Mariya Mazzarello, wadda zazzaɓin taifot ya hana ta aikin gona har ta koyi ɗinki ta tara 'yan matan ƙauyensu tana koya musu, ita ce suka kafa ƙungiyar sistoci tare a 1872. Ya rasu a 1888, aka sa shi cikin tsarkaka a 1934. 'Ya'yansa suna aiki yanzu a ƙasashe fiye da 130, sun iso Nijeriya a 1982.

To, mu fa? Muna da ƙungiyoyin taimako, na Ikilisiya da waɗanda ba nata ba, masu koya wa gwauraye da marayu da 'yan gudun hijira sana'a, muna kuma gode wa Allah dominsu. Amma gaskiya ɗaya ce. Mun taɓa halartar wani bikin yaye ɗalibai inda aka kafa rumfuna, aka yi jawabai, aka raba kekunan ɗinki bayan koyo na 'yan makonni. Ba a yi wata uku ba muka ga waɗansu kekunan a kasuwa. Da fari ranmu ya ɓaci da matan. Da muka tambaya, sai muka ji kunya. Wata ba ta iya yanka ba tukuna, wata ba ta da kuɗin yadi ko na zare, wata kuma a unguwarsu teloli sun fi masu kawo ɗinki yawa, ga yara suna kukan yunwa. Ba wanda ya koma ya duba su ko sau ɗaya. An ɗauki hoto, an aika wa masu ba da kuɗi, an rufe littafi. Don Bosko ya kwashe shekaru a kan yaro guda, ya san maigidansa, ya san abin da ake biyansa, ya san ko ya ci abinci.

Akwai ayar da muke son jifan matasa da ita, inda Manzo Bulus ya gargaɗi Tasalonikawa a kan wanda ya ƙi aiki amma yana son ci. Manzo yana magana ne a kan wanda aka ba shi aiki ya ƙi. Mutumin ƙarfe biyar bai ƙi ba. Bulus kuwa yana da bakin faɗa, gama a Koranti ya zauna gidan Akila da Bilkisu suna ɗinkin tanti tare, wani ne kuma ya koya masa wannan sana'a. Ubangijinmu ma, wanda mutanen Nazarat suka sani da masassaƙi, a hannun Waliyyi Yusufu ya koyi riƙon gizago. Kafin mu ɗauki ayar nan mu jefi wani saurayi da ke zaman kashe wando a bakin tasha, mu tambayi kanmu wa ya taɓa kiransa ya miƙa masa guduma.

Yanzu muna magana da ku iyayenmu da 'yan'uwanmu masu sana'a, ku da kuke zaune a bencin gaba ran Lahadi: makanikai, masu walda, birkiloli, masu gyaran waya, iyaye mata masu ɗinki da saƙa da kitso. Yara nawa ne a hannunku? A cikinsu nawa ne suka shekara biyu suna ɗebo ruwa, suna wanke motar maigida, suna goyon 'ya'yan uwargida, ba su taɓa kwance inji ko yanka riga ba? Mun san uzurinku, ba kuma na banza ba ne. Kuna cewa yaro in ya iya sai ya gudu ya buɗe shagonsa a gabanku, ya janye muku masu ciniki. Waɗansu kuma sukan tafi da sifana a aljihu. Haka ne, yana faruwa. Takardar 1852 ta kāre maigida kamar yadda ta kāre yaro, shi ya sa muke ganin ta dace da mu. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne, amma mun lura idan ana maganar aike ne ake tuna wannan karin magana, idan an zo maganar koyarwa sai a nemi ɗan dangi.

Saboda haka muna roƙon majalisar kowace coci, tare da katikis, da Zumuntar Mata, da shugabannin matasa, su zauna kafin Azumi su rubuta sunayen masu sana'a da ke shirye su ɗauki yaro ko yarinya guda, su kuma rubuta sunayen yaran da ba su da mai tsaya musu. Kada a tsaya ga waɗanda aka yi wa baftisma kaɗai; maigidan garkar bai tambayi kowa asalinsa ba a kasuwa. A rubuta yarjejeniya cikin Hausa mai sauƙi, a karanta ta da ƙarfi a gaban kowa saboda waɗanda ba su yi boko ba: shekara nawa za a yi, me za a koya a kowace shekara, nawa za a ba yaro na abinci, da wane kayan aiki za a sallame shi. In yaron Musulmi ne, a rubuta masa lokacin sallarsa da Juma'arsa kamar yadda aka rubuta wa namu Lahadi. A sa mutum biyu da za su riƙa leƙa shagon sau ɗaya a wata. Inda ba uba ko kawu da zai sa hannu, a kawo takardar gidan Fada, mu za mu sa.