Tashar Kawu da Kyanwar Zaure

Duk tsawon ƙuruciyata jirgin ƙasa bai taɓa ratsa ƙasar Daura ba, amma a zauren kawuna, yayan mahaifiyata, akwai tasha sukutum. Tana ƙuryar hagu in ka shigo, bayan buhun gawayi, a kan wani tsohon ƙyaure da ya kwantar bisa tubala huɗu. Layin dogon na sillen kara ne, ya tsaga ya jera bibbiyu, ya kewayo da shi har ya haɗe. Kan jirgin gwangwanin madara ne, taragun kuwa na gwangwanin kifi, guda bakwai, kowanne da ƙugiyar waya da ke riƙe da ɗan'uwansa. Ƙafafun marafan kwalbar lemo ne da ya haɗa biyu-biyu, ƙeya da ƙeya, don su kama layin kada su zame. A tsakiyar wannan kewaye, inda ya kamata a ce ginin tasha ne, kullum akwai kyanwa a kwance.

Sana'ar Kawu ƙirar gwangwani ce. Yana yin aci-balbal da mazurari, yana liƙe bokiti da buta da dalma. Tun yana saurayi, wajen ƙarshen shekarun 1960, ya je cin rani Kano, ya yi dakon buhunan gyaɗa daga dala zuwa tarago. A nan ya ga jirgi, a nan kuma jirgi ya shiga ransa bai sake fita ba. Dogo ya iso Kano tun 1911. Daga baya aka ja reshe daga Zariya ta Funtuwa da Gusau zuwa Ƙauran Namoda a 1929, aka ja wani daga Kano zuwa Nguru a 1930. Ɗaya ya bi ta yamma da mu, ɗaya ta gabas, Daura tana tsakiya ba ta samu ko ɗaya ba. Da Kawu ya dawo gida ya yi aure, sai ya ƙera nasa.

Mutane ba su ƙyale shi ba. A wurinmu motar kara da motar waya wasan yara ne. Yaro ya fafe totuwa, ya yanko tsohon silifas ya yi taya, ya tura a lungu, ba mai cewa komai. Amma magidanci mai iyali ya zauna bayan la'asar yana auna tsinke? Masu wucewa su leƙo su ce, "Malam, da furfurarka?" Wasu su ce aikin baban giwa. Masu ɗan sauƙin baki su tambaya, "To nawa za ka sayar?" In ya ce ba na sayarwa ba ne, sai su taɓe baki su wuce. Ko Inna, matarsa, da ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, na sha jin ta ce, "Malam, dalmar nan da buta ka liƙe da ita ai da mun ga kuɗin cefane."

Kyanwar da kanta ta zo. Wata damina aka ji kukanta a ƙarƙashin rumbu, 'yar ƙarama, jiƙe sharkaf. Inna ta bar ta saboda ɓeraye. Ba a raɗa mata suna ba, in za a kira ta sai a ce "mus-mus". Gidan da faɗinsa, ga ɗakin girki da ɗumin murhu, amma ta zaɓi zaure. Da Kawu ya ture aikin kasuwa gefe ya jawo kujerarsa 'yar tsugunno gaban ƙyauren nan, sai ka gan ta ta fito daga inda take, ta yi miƙa, ta ɗale, ta tsallake layin a hankali kamar ta san darajarsa, ta naɗe hannuwanta ƙarƙashin ƙirji. Idonta rabi a rufe, amma kunnenta na bin ƙarar almakashi duk inda ya juya. Can sai ta fara ƙugin nan na cikin maƙogwaro. Kawu ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ka ji, ɗana, inji ya tashi." Sannan ya tura jirgin da ɗan yatsa, ya kewaye ta sau ɗaya, sau biyu.

Sukan yi awa biyu a haka ba wanda ya dami wani, sai kiran magariba ya raba su.

Akwai ranar da ba na mantawa. Kawu ya kwashe kusan mako uku yana haɗa gada, irin wadda ya gani a kan kogin Challawa. Kara da totuwa zalla, ba ƙusa ba waya, kowane tsinke ya fiƙe shi ya soka a gurbinsa. Ranar da ya gama, muna tsaye muna kallo, sai tsaka ta gilma a bango. Kafin ka ce kwabo kyanwa ta yi tsalle, ƙafarta ta baya ta doki gadar, komai ya tarwatse, taragu uku suka zubo ƙasa. Na sunkuya na ciro takalmina.

"Ajiye," in ji Kawu. "Ita ta san gada ce?"

Ya tsuguna yana tsince karan ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe yana jujjuya ƙafar gadar a hannunsa, sannan ya ce, da kansa yake magana ba da ni ba, "Ai ban kafe ta ba. Ɗora ta kawai na yi." Da ya sake yi, ya huda ƙyauren ya dasa ƙafafun, ya ɗaure da waya. Ya kuma matsar da gadar daga jikin bango, ya bar fili kamar faɗin tafin hannu biyu, saboda nan ce hanyar da kyanwa ke bi in ta hango abin farauta. Tun daga ranar, duk abin da zai ƙara a tashar sai ya fara duba inda take kwanciya da inda take dira.

Kare kuwa ba ya shiga zaure, kuma ya san haka. Na maƙwabcinmu ne, mafarauci, wani baƙi mai tsagaggen kunne. Iyakarsa bakin ƙofa, gindin dakali, ya miƙe hannuwa ya ɗora haɓa yana kallon ciki. Kawu ya ajiye masa fasasshen kasko a wajen, kullum da ruwa. Sau ɗaya a shekara, lokacin Sallar Gani, da gari ya cika da baƙi da dawaki, Kawu yake yarda mu fito da jirgin. Mu ɗaura masa zare mu ja shi a lungu, yara na biye da mu, karen nan na gudu a gefe, ya wuce mu ya dawo, ya shinshini taragon ƙarshe, bai taɓa taka shi ba. Yaran da jiya suke jifansa, ranar ba wanda ke tuna dutse.

Jifan nan yana ci mini rai har yau. Mun taso muna jin cewa Sahabi Abu Huraira ya samu laƙabinsa ne saboda 'yar kyanwa da yake ɗauka. Mun ji labarin matar da ta shiga wuta don ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Mun ji na mutumin da aka gafarta wa don ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare. Duk Juma'a masu karanta Suratul Kahfi suna wucewa ta kan karen da ya kwanta a bakin kogo tare da samarin nan. Malamanmu sun halatta riƙe kare don farauta da kiwo da gadin gona. Duk da haka babba na zaune a majalisa, yara su rutsa kare a kwata da duwatsu, bai ce uffan ba. Ba ina cewa a sa kare a ɗaki ba ne, kuma ciwon haukan kare ba abin wasa ba ne, yana kisa. Kawu da kansa ne ya matsa wa maƙwabcin nan har ya kai nasa asibitin dabbobi aka yi masa allurar rigakafi. Amma tsakanin allura da jifa akwai tazara mai nisa.

Sai da na girma na san cewa Kawu yana da 'yan'uwa a duniya. A Jamus da Ingila da Amurka akwai dattawa, wasu likitoci ne, wasu tsofaffin ma'aikata, da ke ware ɗaki guda su shimfiɗa ƙananan layukan dogo da tashoshi da tsaunuka. Kamfanin Märklin na Jamus, da aka kafa tun 1859, ya shahara da ƙera musu kayan. Suna da ma'auni, wanda aka fi amfani da shi shi ne a rage komai ya zama kashi 1 cikin 87 na girmansa na gaske. A birnin Hamburg akwai wani gida, Miniatur Wunderland, da aka buɗe a 2001, mutane na bin layi su biya kuɗi don kallon irin wannan aiki. Na kalli hotunan ɗakunan wasunsu a waya, kuma abin da ya tsayar da ni ba kyan kayan ba ne. Sau da yawa za ka ga kyanwa ta baje a kan layi ta tare hanya, ko kare kwance ƙarƙashin tebur. Na nuna wa Kawu ɗaya, ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Ashe ita ma tasu haka take."

Na daɗe ina tunanin abin da ya haɗa mai irin wannan aiki da dabba. Aiki ne na shiru, mai cin lokaci, wanda ba ya kawo ko sisi. Mai yinsa ba ya neman taimako, ba ya ma neman yabo sosai. Abin da yake so shi ne wani mai rai a kusa da ba zai tambaye shi dalili ba. Mu kuwa mun iya zaman shiru, amma a wurin baƙin ciki. Je ka zaman makoki ka ga mutum ya zauna kusa da kai tun hantsi har azahar, ban da gaisuwa da addu'a bai ce komai ba, kuma ka ji sanyi a ranka. Haka a wurin jinya. Amma mu zauna kusa da ɗan abin da ke faranta wa mutum rai, mu yi shiru mu bar shi da shi, wannan ya gagare mu. Sai mun auna shi da kuɗi, ko da shekarunsa, ko da abin da mutane za su ce. Kyanwar nan ba ta san jirgi ba, ba ta san Kano ba. Ta dai san cewa in mutumin nan ya zauna a nan, hannunsa ba ya duka, muryarsa ba ta tashi, sai ta zo ta zauna.

Ni ma na kasa, kuma na fi kowa laifi, don ni na san abin da tashar take a wurinsa. Ina aji biyu a sakandare wasu abokaina suka biyo ni gidan. Da na ji sallamarsu, na yi wuf na jawo tsohon buhu na lulluɓe ƙyauren. Ɗaya ya ɗaga gefe ya tambaya, na ce ai tarkacen yaran gidan ne. Kawu yana bakin ƙofar ciki riƙe da buta, ya ji. Bai ce mini komai ba, ranar ko bayanta. Da la'asar ta yi ya ɗauke buhun, ya kakkaɓe, ya ninke, ya zauna. Amma ya juya kujerarsa ya ba ƙofa baya. Kyanwa ta ɗale ta kwanta a wurinta kamar kullum. Ni na tsaya a waje tare da kare, na rasa fuskar shiga. Sai da na haifi nawa ɗan na iya buɗe baki na roƙe shi gafara. Ya ce, "Haba ɗana, yaushe rabon duniya da wannan." Amma bai ce ya manta ba.

Yanzu dogo na tafe Daura. A watan Fabrairu na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya. Kafin nan, a Disambar 2019, an aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a garin. In na ga ɗalibanta nakan ce a raina, ko su nawa ne a cikinsu suka fara da totuwa da marfin kwalba, kuma su nawa aka finciko daga wasan da mari aka ce su nemi abin yi.

Kawu ya tsufa, yanar ido ta rufe masa gani, sai dai ya ga inuwa-inuwa. Kwanakin baya na ɗauke shi a mota zuwa bayan gari inda aka tara ƙasa aka daddaɓe don hanyar jirgin. Na riƙe hannunsa muka hau. Ya sunkuya ya damƙi tsakuwa, ya murza, ya daɗe bai saki ba. Sannan ya tambaye ni faɗin da za a bari tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Na ce na karanta cewa irin na zamani ne, ƙafa huɗu da inci takwas da rabi.

"Namu na da ƙafa uku da rabi ne," in ji shi. "Ashe an faɗaɗa."

Muna komawa gida bai wuce ciki ba, ya lalubo kujerarsa ya zauna gaban ƙyauren. Ya sa yatsu biyu yana bin layin karan, yana auna tsakaninsu, har hannunsa ya ci karo da jiki mai ɗumi. Jikanyar waccan kyanwar ce, ko tattaɓa-kunnenta, mun daina lissafi. Ta miƙe a kan layin tana barci, wutsiyarta ta sauko kan gada.

"Sai an ƙara masa faɗi," in ji Kawu. "Miƙo mini wuƙar nan da sille."

Na miƙa masa. Na kai hannu zan ɗauke kyanwar, ya riƙe ni.

"Bar ta. In ta tashi ma fara."

Na jawo tabarma na zauna kusa da shi.