Kantin maƙwabci, laifin wa?

A gari ɗaya za ka ga unguwar da tela zai bar kekensa a rumfa ya tafi cin abinci, ya dawo ya tarar da shi. Za ka kuma ga wata inda mai tebur ba ya iya juya baya. Mutane sukan yanke hukunci da sauri su ce, “Ai unguwar ɓarayi ce,” ko kuwa, “Talauci ne.” Amma ko haka ne?

Masu bincike a Amurka sun auna wannan al'amari. A shekarar 1989 Lawrence Sherman da abokan aikinsa suka duba kiran da aka yi wa ƴan sanda cikin shekara guda a birnin Miniyapolis, fiye da 300,000. Rabinsu duk daga kashi 3 cikin 100 na wuraren birnin suka fito. Ashe ko a unguwar da ta yi ƙaurin suna, yawancin gidaje ba ruwansu. Wanda ya kira dukan unguwa ɓarayi ya yi wa marasa laifi ƙazafi.

A 1997 kuma Robert Sampson da abokansa suka fitar da bincikensu a kan unguwanni 343 na birnin Shikago. Sun tambayi mazauna ko sun amince da juna, ko kuma maƙwabta za su sa baki idan faɗa ya tashi a ƙofar gida. Inda amsar ta zama i, tashin hankali da kisa sun ragu, ko da unguwar ta matalauta ce. Talauci yana da nasa rabo, gama inda ƴan haya suke yawan ƙaura, da wuya mutane su san juna. Duk da haka ba shi kaɗai yake yanke magana ba.

Ɗan ƙaramin mai sana'a ya fi kowa dogara ga wannan amana. Babban kamfani yana da mai gadi da inshora. Mai shayi kuwa idon maƙwabta ne katangarsa. Dare ɗaya ya isa a kwashe jarin da ya tara cikin shekara biyar. In ya rufe, wa zai ba gwauruwa sabulu bashi har ƙarshen wata?

Saboda haka, mai karatu, laifin ɓarawo nasa ne, amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Wanda ya ji ana fasa ƙofa ya gyara kwanciya, da wanda ya sayi rediyo a rabin kuɗi bai tambayi inda ta fito ba, sun faɗaɗa tsagar. Taron da yake dukan ɓarawo har ya mutu bai toshe ta ba, ya ƙara jini ne a kan sata. Abin da yake toshe ta ƙarami ne: ka san sunan mai kantin layinku, ka yi magana in ka ga baƙon hannu a kwadonsa, ka kuma ƙi arahar da ba ta da asali.