Kuɗin Goro

Duk wanda ya zauna a Kudu ya san yadda ake fito da Bahaushe a finafinan Nollywood da yawa: maigadi ne a bakin get, da 'yar rediyo a kunne, Turancinsa a karye, da ya buɗe baki sai a kwashe da dariya. Kalmar aboki, wadda a wurinmu ta zumunci ce, a bakin wasu ta koma tana nufin wawa. Yaranmu suna ganin wannan a waya, gari ya waye a kira su Mola a makaranta. Abin yana yi mana ciwo, kuma da gaskiyarmu.

To amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu kunna finafinan barkwancinmu na Kannywood. Ɗan ƙabilar Ibo, kuɗi ne kawai a gabansa. Bayarabe sai ihu da tsoro. Bafulatani bai san gari ba, Bagwari kuma an kawo shi ne don ya karya Hausa. Nan muna dariya har da ƙyaƙyatawa, yara suna gefe suna ɗauka. Da wane baki za mu ce wa yaro wancan zalunci ne, wannan kuma nishaɗi?

Wani zai ce, Malam, ai wasa ne, mun gaji wasa tun kaka da kakanni. Haka ne. Akwai wasa tsakanin Fulani da Barebari, da Kanawa da Zagezagi, har ma Gobirawa da Yarabawa. Sai dai wannan wasa yana da sharaɗi. Abokin wasanka yana gabanka, in ka jefa masa ɗaya ya rama da biyu, kuma ranar da ya shiga uku kai ne farkon mai kai masa ɗauki. A fim kuwa wanda ake yi wa dariya ba ya wurin. Wani ne ya sa masa magana a baki, aka maimaita sau ɗari, har yaro ya ɗauka haka dukkansu suke. Wannan shi ne kuɗin goro.

Kakanninmu da suka zauna a wannan unguwa tun 1916 fataucin goro da shanu suka yi. Sun san goron ma sai an zaɓe shi: ga marsa, ga minu, ga daushe, kowanne da farashinsa. In goro bai zama ɗaya ba, ina ga 'yan Adam?

Kuma mun ga inda kuɗin goro yake kaiwa. A watan Fabrairu na 2021, rikicin kasuwar Shasha ya fara ne daga sa-in-sa tsakanin mutane ƙalilan, ya ƙare da ƙona shaguna da asarar rayukan Hausawa da Yarabawa. A 1999 an yi na Sagamu, aka je aka rama a Kano kan mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Ba fim ne ya ƙyasta ashana ba. Amma wanda aka koya wa cewa duk Hausawa mutum ɗaya ne, ko duk Yarabawa mutum ɗaya ne, ranar fitina ba ya tsayawa tambayar wa ya yi laifin.

Addini bai bar mu a duhu ba. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabai. A cikin Bukhari, Abu Zarr ya goranta wa wani mutum mahaifiyarsa, Annabi (SAW) ya nuna masa cewa wannan ɓurɓushin jahiliyya ne. Yaranmu sun haddace ayar, sai dai ba mu haɗa musu ita da abin da ke cikin wayarsu ba.

Hana kallo ba zai yiwu ba, waya tana kowane gida. Abin da malamin Islamiyya zai iya shi ne ya ware minti 10 bayan hadda, ya ce yara su kawo labarin wani barkwanci da suka gani. Ya tambaye su: wa ake yi wa dariya? Da yana zaune a nan, zai dara tare da mu? Ba ku san wani ɗan ƙabilarsa da ba haka yake ba? Yaran Sabo suna jin Yarabanci, sun san maƙwabta da malamai da nas-nas, amsa ba za ta yi musu wuya ba. A gwada finafinansu da namu da mudu ɗaya.

Abu na ƙarshe, in an kira yaro aboki da raini, kada mu koya masa ya ce ai Ɗangote namu ne. Wannan amsa ta yarda ke nan cewa talaka ya cancanci dariya. Gadi sana'a ce ta halal, haka shayi, haka dako. Yaro ya san mutuncin maigadi daidai yake da na mai gidan, ya faɗi haka cikin ladabi, ya wuce.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.