Tsakanin Kyautata Zato da Tsare Amanar Yara

Ya 'yan'uwa Musulmi, ga wata mas'ala da ta cancanci tunani. Addini ya hana mu munana zato ga ɗan'uwa da bin diddigin sirrinsa. To, idan muka ga baƙuwa a tashar Tasawa tafe da yara biyar, babu mai kama da wani, dukkansu sun yi tsuru, shin tambayarta ce zunubi, ko kuwa shirunmu?

A nan El Alasan Mairairai da sauran garuruwan Mayahi, mun gaji bayar da ɗa riƙo da tura yaro karatun allo. Al'adu ne na alheri, amma su ne rigar da mai fataucin yara yake sawa. Yakan zo a shekarar da rumbu bai cika ba, ya ba iyaye 'yan kuɗi da alkawarin karatu ko sana'a, daga baya yaron ya ƙare a bara ko aikatau a wata ƙasa. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a hamada, arewa da Arlit, a kan hanyar Aljeriya. 52 daga ciki yara ne, akasarinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram, ƙishirwa ta kashe su. Kafin su kai can, garuruwan Musulmi suka ratsa.

Zaton da aka hana shi ne yanke wa mutum hukunci a zuci ba tare da dalili ba. Amma inda alama ta bayyana, tambaya haƙƙin yaro ce a kanmu. Daga cikin alamun akwai yaron da bai san inda za a kai shi ba, ko ya kasa faɗin dangantakarsa da mai riƙe da shi. Da babban da yake amsawa a madadinsa, ba ya barin a keɓe da shi. Da mai bara da wani yake karɓe abin da ya samu, ga tabon duka a jikinsa. Mai gaskiya ba ya ƙin a tambaye shi sunan uban yaro da garinsu.

In amsa ba ta gamsar ba, kada a tara jama'a, kada a ɗaga hannu, domin zaluntar wanda ake zargi shi ma zalunci ne. A sanar da mai gari ko jandarmomi. Tun Disamba 2010 Nijar ta kafa dokar hukunta fataucin mutane, kuma akwai hukumar ANLTP da aka ɗora wa wannan yaƙi. Mu kuma iyaye, kada mu miƙa ɗa ga wanda ba mu san gidansa ba, kuma wanda yake hannun malami mu riƙa kai masa ziyara.

Mu tuna ayarin da ya tsamo Annabi Yusufu (AS) daga rijiya: maimakon su nemi mahaifinsa, sai aka mai da shi haja. Ya kuma inganta a cikin Buhari cewa wanda ya sayar da ɗa mai 'yanci ya ci kuɗinsa, Allah da kansa ne abokin husumarsa ranar Alƙiyama. Wanda ya gani ya ce ba ruwansa, me zai faɗa a ranar?

Allah Ya tsare mana zuri'armu, Ya ba mu ikon riƙe amana.