Sadaka Ko Bashi? Tunani A Kan Mazan Jiya Da Iyalansu

Ranar 15 ga watan Janairu na kowace shekara ƙasarmu takan tsaya domin tunawa da sojojinta. Akan busa begila, a yi shiru na minti ɗaya, shugabanni su ajiye furanni, a saki fararen tattabaru. An zaɓi wannan rana ce domin a irinta Yaƙin Basasa ya ƙare cikin 1970. Kafin nan ranar 11 ga Nuwamba ake yi, watau ranar da aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya cikin 1918. Biki ne mai kyau, ya kuma dace. Amma kashegari furannin sukan bushe, kowa ya koma harkarsa, tsohon sojan da aka zaunar a layin gaba kuwa ya ɗingisa ya koma gida. Tambayar da nake so mu yi nazari a kanta ke nan: mutumin da ya tafi yaƙi da sunanmu, ya komo da rai amma ba da lafiya ba, me ke kanmu game da shi? Abin da muke yi masa, in ma mun yi, sadaka ce ko biyan bashi?

Bari mu fara da sanin ko su wane ne. Duk wanda ya san Kaduna ya taɓa jin sunan barikin Kalapanzin, mutanen Zariya sun san barikin Chindit, na Legas kuma Arakan da Myohaung. Waɗannan sunaye daga yaƙin ƙasar Bama suka zo. Tsakanin 1943 da 1945 Turawan Ingila sun kai Runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma can, suka kara da Japanawa a cikin kurmi da tsaunuka. Akwai 'yan Nijeriya da mutanen ƙasar da yanzu ake kira Gana, da na Saliyo da Gambiya, Hausa kuwa ita ce harshen da yawancinsu suke fahimtar juna da shi a bariki. Da yawa a kā suke ɗaukar kayan yaƙi, gama mota ba ta iya ratsa wurin. Zazzaɓin cizon sauro da atuni sun kwantar da mutane masu ɗimbin yawa, ban da waɗanda harsashi ya samu. Sunayen koguna da garuruwan Bama suna nan a ƙofar barikokinmu har yau. Sunayen mutanen da suka je can fa, wa ya riƙe su?

Bayan su sai na Yaƙin Basasa, wanda aka fara cikin Yuli 1967. Kafin yaƙin sojan Nijeriya bai wuce kimanin mutum 10,000 ba, amma lokacin da aka gama ya kai wajen 250,000. Da yawa daga cikin waɗannan kurata samari ne da aka ɗauka daga gonakin Binuwai da Filato da kudancin Zariya da sauran sassan Arewa, aka horar da su cikin gaggawa, aka tura su bakin dāga. Sai waɗanda suka je Laberiya daga 1990, da Saliyo bayan haka, a ƙarƙashin ECOMOG. Sai kuma ƙannenmu da 'ya'yanmu da aka kai Arewa maso Gabas tun daga 2009. Da wuya a sami majami'a a wannan yanki da babu ɗaya daga cikin waɗannan mutane, ko matarsa, ko marayansa, a kan bencinta ranar Lahadi.

A takarda, yaƙi yakan ƙare ranar da manya suka sa hannu. A jikin soja ba haka ba ne. Akwai wanda aka yanke wa ƙafa yana ɗan shekara ashirin, ƙafar roba kuwa takan lalace, dole a sake ta, kuɗin kuma ba ya da su. Akwai wanda ƙarar igwa ta kashe masa kunne, har iyalinsa suke zaton taurin kai ne ke hana shi amsawa. Akwai mai ɓarɓashin ƙarfe a cinya wanda yake tayar masa duk lokacin sanyin hunturu. Irin wannan rauni ba ya raguwa da tsufa, ƙaruwa yake yi, daidai lokacin da ƙarfin noma ya ƙare.

Akwai kuma raunin da ido ba ya gani. Tun Yaƙin Duniya na Ɗaya likitoci suka lura da sojojin da ba su da tabo ko ɗaya a jiki, amma suna rawar jiki, ba sa iya barci, wasu ma magana ta ɗauke musu. A lokacin an ɗauki waɗansunsu matsorata, aka hukunta su. Sai cikin 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa wannan hali a jerin cututtuka, bayan abin da suka gani ga sojojin da suka komo daga Biyetnam. Alamunsa sanannu ne: mugun mafarki mai maimaita kansa, firgita idan an buga ƙofa da ƙarfi, fushi ba dalili, guje wa taro, da shiru mai nauyi. Mu a nan mukan ce bariki ya lalata shi, ko iskoki sun taɓa shi, ko kuwa mashayi ne kawai. Gaskiya ce wasu sun faɗa wa burkutu da ogogoro. Amma sau da yawa mutumin barci yake nema, ya rasa wata hanyar samunsa. Wannan ciwo ne, yana da magani, kai mai shi wurin likita kuwa ba rashin bangaskiya ba ne.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar tsohon soja ita ta san abin da yaƙi ya bari. Ta aura wa kanta saurayi mai fara'a, aka komo mata da wani mutum dabam. Ita ce mai jinya, ita ce mai neman abinci, ita ce take tashi tsakar dare idan ya yi ihu, wani lokaci ma ita ce take shan dūka, ta rufa asiri. Yara sukan tashi suna takawa a hankali a gidan ubansu, ba su san laifin da suka yi ba, wasu kuma su ɗauki wannan fushi ko wannan shiru su kai gidajensu na aure. Wadda mijinta bai komo ba kuwa, bayan ɗan lokaci dole ta bar ɗakin bariki, ta shiga yawon ofis-ofis da takardu a leda. Babu wanda ya ɗauki waɗannan mata aikin soja, babu kuma wanda ya ba su lambar yabo, duk da haka sun fi kowa daɗewa a bakin dāga.

To, yanzu mu koma ga tambayarmu. Sadaka mutum yakan bayar da ita ne daga abin da yake nasa, lokacin da ya ga dama, gwargwadon da ya ga dama, mai karɓa kuma ya yi godiya. Bashi kuwa mayar wa mutum da abinsa ne. Idan ƙasa ta ɗauki saurayi mai lafiya ta ce ya tsaya a gaban harsashi domin saura su kwana lafiya, ta karɓi abin da ba za ta iya mayarwa ba: ƙafarsa, barcinsa, ƙuruciyar matarsa. Saboda haka fansho da magani da karatun 'ya'yansa hakkinsa ne, adalci ne yake neman su tun kafin a kai ga jinƙai. Wanda ya riƙe hakkin tsoho har ya gaji da jira a layin tantancewa, ko ya sa shi roƙon abin da yake nasa, ya yi masa zalunci iri biyu: ya hana shi abinsa, ya kuma zubar masa da mutunci. Wannan shi ne cin moriyar ganga a yar da kwaurenta.

Tarihi ya nuna wannan hali tsoho ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuɗin sallamar da Ingila ta ba Baturen soja ya kusan ninka na Baƙar fata mai muƙami ɗaya da shi sau uku. Ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka ta Yamma da suka komo daga hannun Jamusawa suna neman albashinsu da aka riƙe. Ranar 28 ga Fabrairu 1948, a Akara, tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano domin kai kukansu ga Gwamna, aka harbe uku daga cikinsu: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Muna da sauƙin tsine wa 'yan mulkin mallaka saboda waɗannan abubuwa. Amma tun 1960 mulki yana hannunmu, bashin da ya taru tun daga nan kuwa namu ne.

Wani zai ce, ai aiki ya nema, an kuma biya shi albashi. Gaskiya ne, amma albashin wata ladan aikin wata ne, ba kuɗin ƙafa ba ne. Wani kuma zai ce, ba dukansu ne suka komo da hannu mai tsabta ba, an kashe fararen hula, yunwa ta hallaka yara masu yawa a Gabas. Wannan ma gaskiya ne, bai kuma kamata tunawa da sojoji ta rufe mana baki a kansa ba. Girmama mai rauni dabam, yabon yaƙi dabam. Wanda ya aikata laifi yana bukatar ya amsa, ya tuba, ya sami gafara, hanyar tuba kuwa ba ta buɗuwa ga mutumin da aka yasar a kan titi. Yawancin masu wannan nauyi a lamirinsu sun fi mu sanin girmansa.

Waɗanda suka yi yaƙi a ɗaya gefen fa? Bayan yaƙi Janar Yakubu Gowon ya shelanta cewa babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Duk da haka naƙasassun sojojin Biyafara da aka tsugunar a Oji River sun yi shekaru masu yawa a kan kekunan guragu a gefen hanyar Inugu zuwa Onica suna bara. Idan an yi yaƙin ne domin mu zauna ƙasa ɗaya, to, waɗannan ma 'yan ƙasa ne, rauninsu kuma na ƙasa ne. Wanda ya tausaya wa gurgun ɓangarensa kaɗai, har yanzu bai ajiye makami ba.

Kada mu ce wannan duka aikin gwamnati ne. Kason gwamnati shi ne mafi girma, wajibi ne kuma mu riƙa tuna mata da shi ba tare da tsoro ba. Amma muna da namu. Ikkilisiya tana girmama Waliyi Kamilus na Lellis, tsohon soja ɗan Italiya wanda ya bar yaƙi da gyambo a ƙafa da jarabar caca. Da an yasar da shi, da ya mutu a kan titi. Aka karɓe shi, ya tuba, ya kafa ƙungiyar masu jinyar marasa lafiya, ya yi ta wannan hidima da gyambonsa har ya rasu cikin 1614. Kowace majami'a za ta iya rubuta sunayen mazan jiyan da ke cikinta da matan waɗanda suka rasu. Zumuntar Mata za ta iya ziyartar mai jinya, ta karɓe ta ko da na yini ɗaya. Matasa masu ilimi za su iya raka tsoho ofis, su cika masa takardu. Ƙungiyar St. Vincent de Paul za ta iya duba kuɗin makarantar maraya. Idan kuma tsohon ya so ya yi magana, mu zauna mu saurara, kada mu tilasta shi, kada kuma mu katse shi.

Alkawari kaya ne. Lokacin da aka tura waɗannan mutane, an yi musu alkawari da sunan dukanmu cewa ba za a manta da su ba. 'Yan Bama sun kusan ƙarewa, samarin 1967 kuma yanzu sun haura shekara saba'in. Lokacin biya yana ƙurewa, gama bashin da ake bin mutum a kan ƙafarsa da barcinsa ba a biyansa da fure a kan kabari. Bari Ubangiji ya ba matattunmu hutawa ta har abada, ya warkar da masu rauni, ya ƙarfafa matansu da 'ya'yansu, ya kuma ba ƙasarmu salama. Amin.