Waƙar Mai Shuka da Hawaye

Ya ɗan'uwa manomi na ƙasar Gaya, ka san shekara tana da lokatai: sharar gona, shuka, noma, sa'an nan kaka. Ikilisiya ma tana da nata: jiran zuwan Almasihu, Kirsimati, mutuwarsa, Ista da Fentikos. Kowanne kuwa da waƙarsa.

Akwai wani bawan Allah, Heinrich Schütz, shugaban mawaƙa a fadar Dresden ta ƙasar Jamus. A zamaninsa aka yi yaƙi shekara 30, daga 1618 zuwa 1648. Aka ƙone ƙauyuka, gonaki suka zama saura, yunwa da annoba suka biyo baya. Matarsa ta rasu a 1625. Mawaƙansa suka yi ta watsewa saboda rashin albashi.

Ya yi shiru ne? Ko kaɗan. A 1636 ya fitar da waƙoƙin da mutum ɗaya ko 'yan kaɗan za su iya rerawa. A 1648, shekarar da yaƙin ya ƙare, ya fitar da littafi mai waƙoƙi 29 na muryoyi biyar zuwa bakwai, ya jera su bisa shekarar ikilisiya. Yawancin kalmomin daga Littafi Mai Tsarki ya ɗauko su, cikin Jamusanci, harshen da talaka yake ji. Ɗaya daga Zabura 126 take, inda manomi ya fita da iri yana kuka, ya komo da dammuna yana murna.

Kai ma ka san wuya. Ka tuna 2023, sa'ad da aka rufe gadar Malanbil, ciniki ya tsaya. Wata shekara kuma Kwara takan cika ta cinye shinkafa. A irin wannan lokaci Shaiɗan yakan so waƙa ta mutu a gidanka. Kada ka yarda. Ko ku uku ne a kan tabarma, ku raira waƙar lokacin, domin yara su koyi labarin Yesu daga komin dabbobi har kabarin da ba kowa a ciki.

Gama Yesu kansa iri ne da aka binne, ya tashi da rai. Karanta Yohanna 12:24. Ka ba da gaskiya gare shi? In haka ne, hawayenka ba za su zube a banza ba. Tara iyalinka daren yau, ku karanta Zabura 126, ku yi waƙa, ku yi addu'a.