Nasiha ga mai jinyar danginsa, kada ya karye

Da sunan Allah nake farawa. Godiya ta tabbata ga wanda ya saukar da cuta ya saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai muridi, namiji ko mace, jinyar uwa ko uba ko miji ko ɗa ibada ce babba. Sayyidina Usmanu bai halarci yaƙin Badar ba a shekara ta 2 bayan hijira, domin yana jinyar matarsa Ruƙayya 'yar Annabi, aka ba shi rabon ganima da ladan wanda ya halarta. Sai dai Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505, ya kwatanta jiki da abin hawa, zuciya ce mahayi. Wanda ya kashe raƙuminsa a tsakiyar hamada, ina zai kai kayan?

Fasali a kan alamun karyewa

Idan barci ya ƙaurace maka, abinci ya fita ranka, kana yi wa majinyaci tsawa sa'an nan ka koma kana kuka, wuridi ya yi maka nauyi, to ƙarfinka ne ya ƙare, imaninka yana nan. Idan zuciya ta raya maka, da ma ya mutu in huta, kada ka yanke ƙauna daga rahamar Allah. Waswasi ne na gajiya, ba a kama bawa da shi muddin bai ƙudurta ba, bai aikata ba.

Fasali a kan magani

Na farko, ka tuhumi ranka in ya ce maka babu mai iyawa sai kai. Wannan ujubu ne ya sa rigar haƙuri. Ka tara 'yan'uwa ku raba kwana, wanda yake nesa ya aiko kuɗin magani. Malamanmu na Malikiyya sun ce ciyar da iyaye matalauta ana raba shi ga 'ya'ya gwargwadon wadatar kowa. Likitoci suna umurnin a juya majinyacin da ba ya tashi kamar kowace awa 2, kada gyambo ya fito masa. Mutum ɗaya ba ya iya wannan dare da rana.

Na biyu, ka ci, ka yi barci. Salmanul Farisi ya iske Abu Darda'i yana azumin yini da tsayuwar dare, ya sa shi ya ci, ya sa shi ya kwanta, Annabi kuwa ya gaskata Salmanu.

Na uku, ka karɓi rangwame. Shaihu Halilu ya lissafa jinya cikin uzurin barin Juma'a da jam'i. Ka riƙe farilla, ka rage nafila, kaɗan mai ɗorewa ya ishe ka. Zikiri ba ya bukatar buzu, ka yi shi kana wanke tufafin mahaifiyarka.

Na huɗu, idan baƙin ciki ya daɗe, ko ka ji kana son cutar da kanka, je ka ga likita, ka faɗa wa shaihinka. Neman magani ba ya warware tawakkali.

Ku kuma maƙwabta, kada ku gaida majinyaci ku wuce mai jinya. Ku karɓe shi ko da tsakanin azahar da la'asar ne, ya samu ya runtsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙarfafi masu ɗawainiya da su, ya sa mu cika da imani. Amin. Tammat.